Na sai da shanuna, ƙanina ya ce in zuba kuɗin a hannun jarin manyan kamfanonin Amurka, mi kuka gani?

Malamin_Firamare_BK

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah shawara nake nema wajen waɗanda suka san harkar hannun jari, ku yi haƙuri bayanin zai ɗan yi tsawo don ina son ku gane inda na dosa.

Ni malamin makaranta ne a Birnin Kebbi, shekara 17 kenan ina koyarwa, kuma tun da na kama aiki ajiyar da na sani ɗaya ce, in na tara ɗan abu in sai maraƙi in kai ƙauyenmu wajen kawuna ya riƙe min, in ya yi jiki a kai kara gab da babbar sallah a sake sayen wasu. Da haka na yi aure, da haka na tada ɗaki biyu. To yanzu kowa ya san halin da ake ciki, dabba ta koma abin da ke jawo wa mai ita bala'i har gida. Bara an kore shanun maƙwabtan kawu cikin dare ɗaya, Allah ya tsare namu amma tun ranar tsohon nan bai ƙara barcin kirki ba, shi da bakinsa ya ce in zo in kwashe kayana. Na sai da bijimai biyu da saniya, yanzu akwai kusan miliyan biyu da rabi zaune a banki, kuma wallahi ina kallon kuɗin suna narkewa, abin da za su saya watan jiya ba shi za su saya yau ba.

Ƙanina da ke aiki Abuja ya ce in buɗe manhaja a waya in mai da kuɗin dala in sai wani abu wai shi VTV na kamfanin Vanguard. Ya ce asusu ne da ke tattara hannun jarin manyan kamfanonin Amurka masu araha, wai baliyu ake ce musu, ba sai na zaɓi kamfani da kaina ba, in saya in manta da shi shekara goma kawai.

Abin da ya ɗaure min kai, in kamfani babba ne mai lafiya mi zai sa ya yi araha? Mu dai a kara in ka ga sa mai kyau an yi masa kuɗi ƙasa sai ka duba haƙori da kofato, don da walakin. Sannan kuɗin nan za su iya ɓacewa gaba ɗaya irin yadda ake jin labari? Don karatun 'yata ta fari nake wannan tanadin, tana aji uku yanzu, ba kuɗin wasa ba ne.

Akawu_Jega

Wa alaikumus salam Malam. Allah ya tsare mana rayuka da dukiya, ya kawo ƙarshen wannan masifa. Ni aikin lissafin kuɗi nake yi kuma na kai shekara biyar ina ɗan saye kaɗan-kaɗan, bari in faɗi abin da na sani.

Misalinka na kara ya faɗa daidai kan maganar. Akwai kamfanonin da kasuwa ke rububinsu saboda ana sa ran gobe za su ninka, irin su Nvidia da Tesla da Amazon, mutane na biyan kuɗi masu kauri kan 'yar ribar da suke samu yau saboda kwaɗayin ta gobe. Akwai kuma tsofaffin gidaje da suka daɗe suna cin kasuwarsu a hankali, bankuna, kamfanonin mai, na magani, na sabulu da kayan masarufi, ba mai rawar jiki a kansu, to in ka auna farashin hannun jarinsu da ribar da suke samu ko da kadarar da suka mallaka sai ka ga da sauƙi. Su ne baliyu ɗin. Ba wai guda ɗaya ne ke da ƙaramin farashi ba, abin da ke hannun kamfanin ne ya yi yawa kan abin da ka biya.

Kuma eh, wasunsu ciwo ke gare su da gaske shi ya sa suka yi araha, kuma ko cikin masanan ba kowa ke gane mai ciwon ba sai ya faɗi. Amfanin asusun indeks kenan, maimakon ka tsaya duba haƙorin sa ɗaya sai ka sai ɗan rabo cikin garken duka, in biyar suka mutu sauran su ɗauke asarar. VTV ɗin nan kamfanoni sama da 300 ne a ciki, su Berkshire Hathaway na Warren Buffett, JPMorgan, ExxonMobil, Johnson & Johnson, Procter & Gamble masu Pampers da Ariel. Kuma ba wani manaja ke zaune yana zaɓe da son ransa ba, jeri ne aka tsara bisa ƙa'ida, asusun bin jerin kawai yake yi. John Bogle wanda ya kafa Vanguard shi ya fara buɗe wa talakawa irin wannan asusun a 1976. Tunda ba a biyan masu zaɓe, la'adar ba ta taka kara ta karya ba, ƙasa da kashi 0.05 cikin ɗari a shekara, wato in kana da dala 1000 abin da za su cire bai kai santi 50 ba. A nan ƙaninka bai yi ƙarya ba.

Inda nake so ka tsaya ka yi tunani shi ne maganar wai masu araha sun fi riba. Tushenta binciken wasu malaman jami'ar Chicago ne, Eugene Fama da Kenneth French, a 1992, sun bi tarihin kasuwar Amurka na shekaru masu yawa suka ga masu araha sun fi masu tsada kawo riba in aka ja zare. Gaskiya ne a tarihin da suka duba. Amma daga bayan rikicin 2008 har zuwa 2020 kamfanonin fasaha suka tsere wa baliyu fintinkau, wanda ya riƙe baliyu ya ci riba amma wanda ya sai jerin manyan kamfanonin Amurka 500 gaba ɗaya, wato S&P 500, ya fi shi nesa ba kusa ba. Sai a 2022 reshe ya juye, masu saurin girma suka zube da kusan kashi 30, baliyu kuwa faɗuwarsu ba ta kai kashi 10 ba. Ba wanda ya san wane ɓangare zai yi gaba cikin shekara goman da kake magana. Ni a ganina mai farawa ba shi da dalilin rungumar ɓangare ɗaya, gara ya sai garken duka.

Maganar ɓacewa, wannan ba irin MMM ba ne da ya kife da mutane a 2016, kamfanoni ne na gaske masu masana'antu da ma'aikata. Amma faɗuwa kam ana yi, mai zafi ma. A 2008 S&P 500 ta faɗi da wajen kashi 37, sai 2013 farashin ya koma inda yake. A Maris 2020 lokacin korona kusan kashi ɗaya cikin uku ya tafi cikin wata guda. Ka tambayi zuciyarka, in ka buɗe waya ka ga miliyan biyu da rabi sun koma ɗaya da dubu ɗari bakwai za ka iya rufe wayar ka tafi aji ka koyar? In ba za ka iya ba to sayarwa za ka yi a ƙasa, kuma nan ne mutane ke karyewa.

Sai abubuwan da ba a cika faɗa ba. Ribar da kamfanonin ke rabawa, gwamnatin Amurka na yanke kashi 30 kafin ta iso hannun ɗan Najeriya, don ba mu da yarjejeniyar haraji da su, kuma baliyu sun fi dogara da wannan rabon. Manhaja ma tana cin nata wajen canji, shiga da fita. Ita dala kuma wuƙa ce mai baki biyu, wanda ya riƙe ta kafin Yuni 2023 tana wajen 460 a hukumance ya ga ta haura 1,500 a farkon 2024, amma wanda ya saya a sama in naira ta farfaɗo shi ke da asara. Kuma kafin ka tura ko sisi ka shiga shafin SEC, hukumar da ke kula da kasuwar hannun jari ta Najeriya, ka tabbatar manhajar na da rajista.

Dattijo_Argungu

Malam sannu da ƙoƙari, Allah shi raya ɗiya. Akawu ya yi bayani na ilimi, ni kau abin da idona yag gani zan hwaɗi, ɗana na ar rubuta min.

Cikin 2007 ba inda za ka zamna ba a yi maka zancen hannun jari ba. Bayan haɗe bankuna da anka yi zamanin Soludo kowane banki na tallan nashi, har ofis anka biyo mu da hom, ana cewa wanga shi na arzikin zamani. Niƙ ƙarasa aiki an ba ni garatuti, sai nid ɗauki rabi niz zuba ga bankuna guda ukku, manya, waɗanda kowa ka cewa ba su mutuwa. Hwarko abin ya yi daɗi ƙwarai. Wasu abokaina har bashi sunka ci sunka ƙara. Watan Maris na 2008 ma'aunin kasuwar hannun jari ta Najeriya ya kai dubu 66, shekara guda bayan nan ya dawo wajen dubu 20. Guda cikin bankunan nan nawa daga baya gwamnati ta karɓe shi, takardar tana nan cikin akwati har yau, ko kwabo ban gani ba. Kuma kun san sai yaushe ma'aunin nan yak koma dubu 66? Sai 2023. Shekara goma sha biyar Malam. Lokacin da niz zuba kuɗɗin, dala tana wajen naira 118, to kai lissahwa ka gani ko da kuɗɗin sun dawo mi sunka dawo da shi. Biyu cikin abokan nan nawa ba su ga ranar ba, Allah shi jiƙansu.

Ban ce maka kar ka yi ba. Na ji Akawu ya ce wanga kamfani ɗari ukku na ba ukku ba, kuma da nis san haka wancan lokaci halan da ban sha wuyar da nish sha ba. Amma kalmar "babba" ba ta ƙara ruɗi na. Rabin da nib bari nis sai hwadama da shi kusa ga gulbi, ita ta ka ciyar da gidana yau, shinkahwa sau biyu ga shekara in ruwa bai ci ba. Na san yanzu ko gonar ba ko'ina aka iya zuwa ba, kuma masu ajiyar shanshera su ma sun ji jiki da hwarashi yah hwaɗi. Ba wurin da babu haɗari. Abin da ni ka roƙonka kar ka aza dukiyar ɗiyarka duka wuri guda, wurin da ba ka iya tahiya da ƙahwarka ka gani. Raba ta. Kuma kar ka ci bashi don wagga harka ko da wa yac ce maka.

Uwar_Biyu_Yauri

Baba Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana, maganarka ta taɓa ni, mahaifina ma yana da irin takardun nan a jaka.

Malam ni akwai abin da na ga har yanzu ba wanda ya taɓo kuma a wajena shi ne gaba da komai, wato halacci. Na yi wata shida ina binciken wannan kafin in sa kuɗin adashina, kuma abin da na gano shi ne cikin duk asusun indeks na Amurka, na baliyu ɗin nan yana cikin waɗanda suka fi cin karo da mu. Dalili kuwa su wa ke yin araha a kasuwa kullum? Bankuna da kamfanonin inshora. Ka buɗe jerin VTV ka gani da idonka, JPMorgan, Bank of America, Wells Fargo, shi kansa Berkshire ɗin ginshiƙinsa inshora ne, wajen kashi ɗaya cikin biyar na asusun ko fiye harkar kuɗi ce, kuma kasuwancinsu bashi da ruwa ne tsagwaronsa. Akwai Philip Morris masu taba ma a ciki. In ka sai asusun ka zama mai rabo a cikinsu duka, ba yadda za ka ce a cire maka wannan a bar maka wancan, haka garken yake zuwa.

Malaman da suka zauna kan wannan fanni, irin na hukumar AAOIFI da ke Bahrain, matakin tacewa biyu suka sa. Na farko sana'ar kamfanin kanta, banki mai ruwa, inshora irin ta zamani, giya, caca, alade, duk waje. Na biyu ko sana'ar halal ce sai a duba bashin ruwa da ke kansa kar ya wuce kashi 30 na darajarsa a kasuwa, kuɗin shigar da ya gauraya da haram kuma kar ya wuce kashi 5, shi ma ɗin sai ka lissafa rabonka ka fitar ka bayar ba da niyyar lada ba, tsarkakewa ce. Akwai malaman da ko wannan sassaucin ba su yarda da shi ba, don haka ka je wajen malamin da ka amince da iliminsa da tsoron Allahnsa, kuma ka tafi masa da jerin kamfanonin a rubuce, kar ka ce masa "hannun jari halal ne?" kawai, amsar ta danganta da mi ke ciki.

Akwai asusun da aka riga aka tace, irin SPUS da HLAL, duka a 2019 aka buɗe su. Amma ka san abu biyu. La'adarsu ta kai kusan rabin kashi ɗaya cikin ɗari, wato ninki goma na VTV ko fiye, dala 1000 wajen dala biyar a shekara. Sannan da an cire bankuna abin da ke rage wa a sama su Apple da Microsoft da Nvidia ne, ka ga ka bar masu araha ka koma wajen masu tsadar da Akawu ya ce sun fi zubewa a 2022. Wato abin da ƙaninka ke so da abin da ya halatta ba su cika haɗuwa a kwando ɗaya ba, ni dai na zaɓi in biya la'adar in jure hawa da saukar in kwana da natsuwa.

Nan gida ma akwai asusun Lotus Halal ETF a kasuwar hannun jari ta Najeriya, wato NGX, da naira ake saye, sai dai kamfanonin ciki ƙalilan ne kuma wani lokaci sai ka sa a kasuwa ka jira mai saye. Akwai kuma sukuk, wato takardar jari marar ruwa, na gwamnatin tarayya da aka fara a 2017 da naira biliyan 100 don gina hanyoyi, ana biyan kuɗin haya duk wata shida, da dubu 10 ma ana shiga. Ba ya ninka kuɗi kuma hauhawar farashi na iya cinye ribar, amma ba ya wannan tsallen. Ni na raba ne, wani abu sukuk, wani abu asusun da aka tace.

Zakka kuma kar a manta, in dukiyar ta kai nisabi, a nan yawanci da zinari giram 85 ake aunawa, ta kuma shekara, kashi biyu da rabi ne. Kuɗinka su kaɗai da wuya su kai yanzu amma ana haɗawa da sauran abin da ka ajiye.

Malamin_Firamare_BK

Innalillahi, Hajiya wallahi ko kaɗan hankalina bai kai nan ba, ni tsoron asara kawai nake, ashe saura kaɗan in ɗauki kuɗin shanun da kawu ya sha rana ya sha raɓa a kansu in zama abokin tarayyar banki. Allah ya saka da alheri. Na kira ƙanin nawa yanzu shi ma ya ce bai taɓa buɗe jerin ya duba ba, la'adar kawai ya gani ta burge shi, ya ce zai duba nasa daren nan. Baba na ji maganarka kuma na riƙe, ba zan sa duka wuri ɗaya ba, bashi kuwa ko a mafarki.

Ranar Juma'a in Allah ya kai mu zan kai wa malaminmu jerin bayan an sauko. Akawu tambaya ɗaya ta rage min, in na sa wani abu a manhajar nan ta Allah ta kasance gare ni, ya iyalina za su yi su karɓa? Saniya dai ko ba ka nan kowa a ƙauye ya san taka ce.

Akawu_Jega

Hajiya ta yi gaskiya kuma ya kamata a ce da wannan na fara, don ni ma nawa na koma da shi wanda aka tace tun bara. Abin da zan ƙara kawai, in mutum ya nace sai masu araha yake so kuma na halal, zai iya zaɓo kamfanonin magani da mai da kayan masarufi ɗaya-ɗaya ya tace da kansa, to amma ya dawo duba haƙori kenan, amfanin indeks ɗin ya tafi. Ga mai miliyan biyu da rabi da aji cike da yara ban ga wannan wahalar ta dace ba.

Maganar gado tambaya ce babba Malam. Kamfanin ba zai saki kuɗi don wani ya zo da wayarka ba, sai magada sun kawo takardar shaidar rasuwa da takardar kotu ta rabon gado, kuma kafin duk wannan sai sun san ma akwai asusun. Biliyoyin naira na ribar hannun jari ke kwance a ƙasar nan ba a karɓa ba, da yawa masu su sun rasu 'ya'ya ba su sani ba. Akwai kuma harajin gado na Amurka kan baƙo in dukiyarsa a can ta haura dala dubu 60, kai ba ka kai nan ba amma ka sani. Sannan ka tuna a 2021 babban bankin Najeriya CBN ya sa kotu ta rufe asusun bankin wasu daga cikin manhajojin nan na ɗan lokaci, hannun jarin mutane bai ɓace ba amma hankali ya tashi, shi ya sa kuɗin da za ka iya buƙata da gaggawa, na asibiti ko na abinci, ka bar su kusa.

Ni yadda na yi, na sami littafi na rubuta sunan manhajar, imel ɗin da na buɗe da shi, lambar asusun, da lambar CSCS, wato ma'ajiyar da ke riƙe da rajistar hannun jarin gida, na nuna wa maiɗakina da yayana inda yake, duk ƙarshen shekara in buga takardar bayanin asusun in saka a ciki. Wajen cike fom ɗin ma akwai gurbin magaji, ka sa sunan da ya yi daidai da na katin NIN ɗinsa harafi da harafi, don saɓanin harafi ɗaya na iya sa a yi wata da watanni ana zirga-zirga.